Tunanin mutuwa ya hana ni barci: me zan yi da sauran shekaruna?

Tambaya: Wani dattijon ikkilisiya mai shekara 63, tsohon malamin firamare wanda ya ajiye aiki bayan shekara 35 yana koyarwa, ya rubuto cewa a cikin shekara guda ya raka abokansa uku kabari, ɗayansu ma bai kai shi shekaru ba, kuma likita ya tabbatar masa cewa yana da hawan jini. Tun daga lokacin tunanin mutuwa ba ya barinsa, musamman da dare. Yana so ya san ko wannan tunani alamar raunin bangaskiya ne, da kuma abin da ya kamata ya yi da sauran shekarunsa. Ya ce har ya fara shawarar sayar da gonarsa ya ba da kuɗin ga ginin majami'a, don kada ya je gaban Allah hannu rabbana.

Amsa: Malam, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ina kuma yi maka ta'aziyyar abokanka uku. Allah ya ba ka haƙuri, ya ta'azantar da iyalan da suka bari.

Tunanin da ya zo maka ba raunin bangaskiya ba ne. Zabura ta 90, wadda aka rubuta a kanta cewa addu'ar Musa ce, tana roƙon Allah a aya ta 12 ya koya mana ƙidaya kwanakinmu domin mu sami zuciya mai hikima. Abin lura shi ne cewa roƙo ake yi a koya mana, domin ɗan Adam ba ya iya wannan lissafi da kansa, ko da kuwa ya shekara 35 yana koya wa yara lissafi a kan allo. Mun saba cewa mutuwa rigar kowa ce a wurin zaman makoki, amma a cikin zuciya kowa yana ganin kamar daidai wuyan maƙwabcinsa aka ɗinka ta. Littafin Mai-Wa'azi, wanda wani juyin Hausa yake kira Mai Hadishi, ya ce a sura ta 7 gara zuwa gidan makoki da zuwa gidan biki, domin a can ne mai rai yake tuna ƙarshensa. 'Yan'uwanmu na Katolika da Angilika ma sun keɓe rana guda a shekara, Larabar Toka, inda ake shafa wa mutum toka a goshi ana tuna masa da maganar Farawa 3:19, cewa shi ƙura ne kuma ga ƙura zai koma. Abin da ikkilisiya take ƙoƙarin koya wa mutane da toka, kai ka koye shi a bakin kaburbura uku.

Tun da kai malami ne, bari mu yi lissafin a fili. Aya ta 10 ta wannan Zabura ta ce kwanakin ranmu shekara 70 ne, ko 80 in akwai ƙarfi. Daga 63 zuwa 70 shekara 7 ke nan, wato kwana 2,555 ko kusa da haka. Zuwa 80 kuwa shekara 17, kwana 6,205. Wannan adadi ba alkawari ba ne, ba kuma iyaka ba ne, domin shi Musan da aka jingina masa Zaburar ya kai shekara 120 idonsa bai dushe ba. A ɗaya gefen kuma, Byang Kato, ɗan Kwoi wanda ya taɓa riƙe babban sakataren ikkilisiyar ECWA kuma ya zama murya babba ta masu bishara a Afirka, ruwa ne ya ci shi a gaɓar tekun Mombasa a watan Disambar 1975 yana da shekara 39 kacal. Daga cikin samari uku da suka sauka Legas a 1893 da niyyar kawo bishara Arewacin ƙasar nan, biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, sun rasu a 1894, ɗaya a Girku ɗaya a Bida, ba su ga ko mutum ɗaya ya tuba ta hannunsu ba. Shi ya sa Yakubu a sura ta 4 ta wasiƙarsa ya kwatanta rai da hazo mai bayyana na ɗan lokaci ya ɓace, ya kuma ce mu riƙa cewa in Ubangiji ya yarda. Amfanin lissafin shi ne mutum ya gane cewa abin da ke hannunsa ƙidayayye ne, kamar mai gida da ya leƙa rumbu a tsakiyar rani ya ga inda hatsi ya tsaya, daga nan ya san yadda zai riƙa awo.

Sai dai akwai tunanin mutuwa da ke gyara mutum, akwai kuma tsoron mutuwa da ke ɗaure shi. Ibraniyawa 2:14-15 ta yi maganar mutanen da tsoron mutuwa ya sa suka zauna cikin bauta duk kwanakin ransu, ta ce Almasihu ya ɗauki nama da jini ya mutu domin ya 'yantar da su. A shekarun da na yi ina zama a bakin gadon marasa lafiya, na lura cewa idan aka tone tsoron, yawanci ɗaya daga cikin abu uku ake tararwa a ƙasa: ko zafin fitar rai, ko halin da iyali za su shiga, ko kuma tsayawa gaban shari'ar Allah. Maganar da ka yi ta zuwa hannu rabbana ta nuna mini cewa na ukun ne ya fi hana ka barci, don haka ba zan wuce shi da sauri ba.

Malam, dukanmu hannu rabbana za mu je. Da fasto da dattijo da mai sharar majami'a, babu wanda zai isa da abin biya a hannunsa. Afisawa 2:8-9 ta ce da alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya, kyautar Allah ce, ba sakamakon ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu hannuwansa a kafe suke, bai sami damar ba da baikon sujada ko na rana ɗaya ba, amma an yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Idan mutum ya yi shekara arba'in yana jin wannan wa'azi, sa'an nan da tsufa ya fara neman abin da zai riƙa a hannu, to, ya koma ciniki da Allah ba tare da ya sani ba, kuma mai ciniki ba ya taɓa samun natsuwa, domin kullum yana tambayar kansa ko kuɗin sun isa. Aya ta 10 ta wannan sura ta Afisawa ita ce ta kawo maganar kyawawan ayyuka, kuma ta zo ne bayan ceto, a matsayin hanyar da aka shirya wa wanda aka riga aka karɓa. Ka fara daidaita wannan magana tsakaninka da Allah, ka faɗa masa tsoronka da sunansa, in kuma akwai wani zunubi da ka daɗe kana ɓoyewa, ka furta shi, ka nemi wani amintaccen ɗan'uwa ku yi addu'a tare. Baƙin cikin rashin abokai kuwa kada ka ɗauke shi laifi. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi, kuma abin da Bulus ya hana Tasalonikawa shi ne baƙin ciki irin na marasa bege.

Game da sauran shekaru, babu labarin da nake yawan komawa gare shi kamar na sarki Hezekiya, a 2 Sarakuna 20 da Ishaya 38 da 39. Ya kwanta ciwon ajali, annabi Ishaya ya shigo ya ce masa ya kintsa gidansa domin mutuwa zai yi. Hezekiya ya juya fuskarsa ga bango ya yi addu'a da kuka mai zafi, kuma tun Ishaya bai gama fita daga fada ba Allah ya komo da shi da saƙon cewa an ƙara wa sarki shekara 15. A nan yawancin wa'azinmu yake tsayawa, jama'a su ce amin, kowa ya roƙi nasa ƙarin. Kaɗan ne suke ci gaba da karatu su ga abin da ya yi da shekarun.

Da labarin warkewarsa ya bazu, sarkin Babila ya aiko da jakadu da wasiƙu da kyauta. Hezekiya ya zaga da su ya nuna musu azurfa da zinariya da kayan ƙanshi da ɗakin makamai, babu abin da ya rage a gidansa ko a mulkinsa da bai nuna musu ba. Mutumin da aka fizgo daga bakin kabari, da baƙi suka zo daga nesa saboda abin al'ajabin da ya faru, taskarsa ya nuna musu. Littafin 2 Tarihi 32:25 ya faɗa ƙarara cewa bai mayar da godiya daidai da alherin da aka yi masa ba, domin zuciyarsa ta yi girmankai, ko da yake aya ta gaba ta nuna ya ƙasƙantar da kansa daga baya. Ishaya ya dawo ya gaya masa cewa rana tana zuwa da za a kwashe duk waɗannan kaya zuwa Babila, har da waɗansu daga cikin zuriyarsa. Amsar da Hezekiya ya bayar ita ce ta fi ba ni tsoro a dukan labarin, domin ya ce maganar Ubangiji tana da kyau, yana tunani a ransa cewa ai za a yi zaman lafiya a nasa zamanin. Ya yi kuka mai zafi a kan nasa rai, amma ba mu karanta cewa ya juya ga bango ya yi kuka a kan jikokinsa ba. Ɗansa Manassa ya hau gadon sarauta yana da shekara 12, wanda in aka bi lissafin yadda yake a rubuce, a cikin shekarun ƙarin nan aka haife shi. Ya yi mulki shekara 55, ya sake gina wuraren tsafin da ubansa ya rurrushe, ya miƙa ɗansa hadaya ta wuta, ya cika Urushalima da jinin marasa laifi. Ba na ɗora wa Hezekiya dukan laifin ɗansa, domin kowa da nasa alhaki, kuma Nassi ya lissafa Hezekiya cikin sarakuna nagari. Abin da nake so ka gani shi ne cewa mutumin kirki ma yana iya samun ƙarin shekaru ya kashe su yana kallon abin da ya tara, idonsa bai kai ga waɗanda za su zo bayansa ba. Kowace shekarar da ka samu bayan abokanka uku, irin ta Hezekiya ce, kuma saƙon farko da aka kawo masa, na kintsa gida, ba a janye shi ba don an ƙara masa kwana.

Kintsa gida aiki ne na takarda da biro kafin ya zama na wa'azi. Ka zauna ka rubuta wanda yake bin ka bashi da wanda kake bi, da amanar da aka ba ka ajiya, ko ta dangi ce ko ta ikkilisiya, da inda takardun fili da na gida suke. Na san cewa a wurarenmu mutane da yawa suna ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne, amma wannan camfi ne, kuma Hausawa sun riga sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ibrahim ya raba wa 'ya'yansa abin da zai ba su tun yana da rai, kamar yadda Farawa 25 ta nuna. Misalin wawan mai arziki da ke Luka 12 ma, wanda muke yawan karantawa a wurin jana'iza, rigimar gado ce ta jawo shi, domin wani ne ya taso cikin taro ya ce Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi. Na taɓa binne wani dattijo mai tsoron Allah, wanda ba a taɓa jin kansa da kowa ba, amma kafin a share makoki ƙannensa sun kulle ɗakin da takardu suke, matarsa ta shekara talatin ta koma gidan ɗan'uwanta da akwati ɗaya. Da ya rubuta shafi biyu, da hakan bai faru ba.

A Nijeriya wasiyyar da kotu take karɓa a rubuce take, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu da suke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu, kuma bai kamata wanda zai ci gado ko abokin aurensa ya zama shaida ba, domin hakan yana iya ɓata rabonsa. Ana iya ajiye ta a sashen wasiyya na Babbar Kotun jiha. Mutane da yawa suna zaton cewa sunan makusancin da suka rubuta a takardar banki ko ta fansho ya isa, alhali wannan suna ba ya mayar da mutum magaji kai tsaye. Idan babu wasiyya, sai iyali sun nemo takardar izinin kula da dukiya daga kotu, abin da kan ɗauki watanni da kuɗi a lokacin da gida ba shi da ko ɗaya. Dokokin jihohi sun ɗan bambanta, musamman a kan gonar gado da irin auren da aka ɗaura, don haka ka nemi lauya, wataƙila ma akwai shi a cikin ikkilisiyarku. Kada kuma ka manta da 'ya'ya mata. Littafin Ƙidaya 27 ya ba da labarin 'ya'yan Zelofehad mata biyar da suka nemi gādon ubansu, Allah ya ce gaskiyarsu ce, kuma Kotun Ƙolin Nijeriya a shari'ar Ukeje ta 2014 ta yanke cewa al'adar hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa tsarin mulki.

Wannan ya kawo mu kan gonar. Shawarata ita ce kada ka sayar da ita a cikin halin da kake ciki yanzu. Ban san girmanta ba, amma na san cewa fanshon malamin firamare ba ya riƙe gida shi kaɗai, ba kuma kullum yake zuwa a kan kari ba, kuma in ka riga matarka tafiya, wannan gona ita ce za ta ci daga gare ta. Bulus ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da danginsa ba, musamman iyalin gidansa, ya yi musun bangaskiya. Yesu kansa a Markus 7 ya tsawata wa waɗanda suke cewa dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah don su kauce wa taimakon iyayensu. Ina faɗin haka ne a matsayin fasto wanda ya san wahalar ginin majami'a, ya kuma taɓa tsayawa yana roƙon kuɗin kwano, amma ba zan so a rufa ɗakin sujada da abincin gwauruwa ba. In bayan ka sami natsuwa, kai da matarka kun zauna kun ga akwai abin da ya fi ƙarfin bukatarku, ku bayar da farin ciki, ko wani kaso na amfanin gonar kowace kaka, ko wani yanki da za ka rubuta a wasiyya. Baikon da tsoro ya fitar ba ya kashe tsoron, sai dai ya bar mutum da tsoro da talauci tare.

Akwai wani bashin da ba a rubuta shi a takarda, wato na zumunci da ya tsinke. A Ayyukan Manzanni 15 Bulus da Barnaba sun yi saɓani mai zafi a kan Markus, wanda ya taɓa barin su a tsakiyar tafiya, har suka rabu kowa ya kama hanyarsa. Amma a wasiƙarsa ta biyu ga Timoti, inda ya ce lokacin tashinsa ya yi, Bulus ya ce a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Tsoho a kurkuku, yana jiran hukunci, ya sami wurin gyara abin da ya faɗa a kan wani shekaru da yawa baya. Mutumin da ya kai 63 da wuya a ce ba shi da nasa Markus, ko ɗan'uwan da aka yi rigimar iyakar gona da shi, ko ɗan da ya yi auren da ba a so, ko wani dattijo da aka yi cacar baki da shi a taron majalisar ikkilisiya har yau gaisuwa ta koma ta fatar baki. Kai ne za ka tashi ka je, ko da kai ne babba, ko da kuma kai aka yi wa laifi. Neman gafarar da ake yi a kan gadon asibiti yana da daraja, amma sau da yawa ba ya samuwa, domin hawan jini musamman yakan ɗauke magana kafin ya ɗauke rai.

Sai batun aiki. A nan Littafi Mai Tsarki ya ba mu tsofaffi biyu da suka yi zaɓi daban, kuma duka biyun an ambace su da mutunci. Kalibu yana da shekara 85 ya tsaya gaban Joshuwa ya ce ƙarfinsa yana nan kamar dā, a ba shi ƙasar tuddai ta Hebron ya ci ta da yaƙi. Barzillai mutumin Gileyad kuwa, wanda ya ciyar da Dawuda lokacin da yake gudun Absalom, yana da shekara 80 sa'ad da sarki ya ce ya biyo shi Urushalima ya zauna a fada. Ya ce shi yanzu ba ya jin ɗanɗanon abinci, ba ya jin muryar mawaƙa, don me zai zama wa sarki kaya. A bar shi ya koma ya mutu a garinsu kusa da kabarin iyayensa, ga wani nasa nan mai suna Kimham, a tafi da shi a yi masa abin da aka so a yi wa tsohon. Masu wa'azi sun fi son Kalibu, domin labarinsa yana tayar da jama'a, amma a ganina ikkilisiyoyinmu sun fi ƙarancin irin Barzillai. Muna da dattawa da yawa da suka riƙe kujera ɗaya shekara ashirin, ma'aji ko sakatare ko shugaban kwamiti, ba su koya wa kowa ba, ranar da suka faɗi sai a rasa wanda ya san inda littafin kuɗi yake. Dokar Lawiyawa a Littafin Ƙidaya 8 ta ce idan mutum ya kai shekara 50 ya sauka daga aiki mai nauyi, ya ci gaba da taimaka wa 'yan'uwansa. Dawuda da aka gaya masa ba shi zai gina Haikali ba, bai yi fushi ya naɗe hannu ba, ya tara duwatsu da ƙarfe da tagulla da katakon al'ul domin Sulemanu, yana cewa ɗansa yaro ne marar ƙwarewa. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya gabatar wa jama'arsa wanda zai gaje shi a shekara ta 426, sa'an nan ya zauna ya bi littattafan da ya rubuta ɗaya bayan ɗaya yana nuna inda ya yi kuskure, kafin ya rasu a 430 yana da shekara 75. Ka tambayi kanka wane ne Kimham ɗinka, ka fara jawo shi kusa tun kana da ƙarfin tsayawa a bayansa.

Ba sai ka nemo wani sabon babban aiki ba, domin abin da Allah ya riga ya sa a hannunka ya isa. Ka iya koya wa mutum karatu daga baƙi zuwa jimla, wannan kuwa baiwa ce da fastoci da yawa ba su da ita. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, amma har yau a kusan kowace ikkilisiyar karkara akwai mata a zumunta da suke riƙe shi suna zuwa sujada ba su iya karanta shi ba, akwai kuma yaran da gudun hijira ya raba da makaranta. Aji ɗaya na mutum goma, sau biyu a mako a ƙarƙashin bishiya ko a ɗakin makarantar Lahadi, cikin shekara guda zai fitar da masu karanta Zabura da bakinsu. Jikokinka ma suna bukatar su ji daga bakinka yadda bishara ta shigo gidanku, wa ya fara tuba, me ya sha a kan haka, da waɗanne kurakurai ka yi da ba ka so su maimaita. Ka rubuta a littafin rubutu na makaranta in ba za su zauna su saurara yanzu ba. Hannatu ta Luka 2, wadda ta tsufa ƙwarai tana gwauruwa, aikinta addu'a da azumi ne a Haikali, kuma ita ce ta ba da labarin jaririn ga masu sauraron fansar Urushalima. Idan wata rana ƙafa ta ƙi, wannan aiki yana nan yana jiranka.

Jikinka kuma amana ne. A labarin Hezekiya, annabin da ya kawo alkawarin shekara 15 shi ne kuma ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun da ke jikin sarkin, don haka shan magani ba ya rage wa addu'a komai. Hawan jini ciwo ne da yakan yi ɓarna ba tare da mutum ya ji komai ba, shi ya sa masu daina magani don sun ji sauƙi, ko don wani ya ce musu an warkar da su a wurin addu'ar dare, sukan ƙare da shanyewar ɓarin jiki. Ka riƙa shan maganinka kullum yadda likita ya ce, ka rage gishiri da dunƙulen miya, ka riƙa zuwa awo, ka kuma gaya wa likitan maganar rashin barcin nan. Idan ya daɗe, ya haɗu da rashin son abinci da rashin jin daɗin komai, yana iya zama ciwon damuwa da ke bin rashi da ritaya, kuma ana maganinsa.

Ka zauna da matarka ku yi wannan magana a fili, ko da za ta ce ka daina yi wa kanka mugun fata. Ka gaya mata inda takardu suke, da inda kake so a binne ka, ka kuma ce kada a ci bashi saboda jana'izarka, kada a ajiye gawa makonni ana jiran a ɗinka anko da buga kalanda, domin wannan al'ada ta fara cin gidajen masu bi, kuma maganar mamaci da ya faɗa da bakinsa ce kaɗai take iya tsayar da dangi. Sa'an nan akwai gidaje uku da ka san hanyarsu. Yanzu masu ta'aziyya sun watse, an kwashe kujeru da rumfa, wannan ne lokacin da matan abokanka suka fi bukatar wanda ya san aikin gwamnati ya zauna da su ya duba takardun fansho, ya raka su ofis, ya tambayi ko an biya kuɗin makarantar auta. Ka fara da gidan wanda bai kai ka shekaru ba, domin mai yiwuwa shi ne ya bar yara ƙanana, ka tafi tare da matarka a cikin makon nan.